BORAKS: KAYAN AIKI NE, BA NA CIKI BA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, akwai wani farin gari da ake kira boraks. Ana samun shi wajen maƙeran farfaru, da masu walda, da wuraren haƙar zinariya, da wasu butik masu saida kayan gona. Wasu sun fara jin sunan shi ta cikin salula. A 2023 an yi ta yaɗa hotuna masu motsi daga Amurka, inda wasu mutane ke zuba shi cikin ruwa suna sha, suna cewa wai yana maganin ciwon gaɓoɓi. Likitocin ƙasar sun fito sun ce a bari, guba ce. Amma magana in ta shiga salula ba ta tsayawa ƙasa ɗaya.

Ra'ayinmu shi ne: boraks kayan aiki ne mai amfani. Yana da wuri a maƙera, yana da wuri a gona in an auna, yana da wuri a gida in an ɓoye shi. Amma ba shi da wuri cikin bakin mutum, babba ko yaro, ko da sunan magani, ko da sunan gyaran abinci.

MINE NE BORAKS?

Wani irin gishiri ne na ƙasa. Yana taruwa inda tabki ya ƙafe, kamar yadda kanwa ke taruwa a Manga da bakin tabkin Cadi, ko gishiri a Bilma. Amma ba a haƙo shi nan Nijar, daga waje yake zuwa. Tun zamanin da, fatake ke kwaso shi daga tabkunan Tibet, su ɗora ma tumaki da awaki, su ƙetare duwatsu su kai shi Indiya. Daga can ya kai hannun maƙeran Larabawa da na Turai. A Amurka, daga 1883 zuwa 1889, alfadarai 18 da dawaki 2 ke jan amalanken boraks cikin hamadar Kaliforniya, tafiyar kilomita 265. Yau ƙasar Turkiyya ce babbar mai shi: kimanin kashi 7 cikin 10 na abin da aka sani yana ƙarƙashin ƙasa a duniya, can yake.

Cikin boraks akwai wani sinadari mai suna boron. In aka raba boraks kashi 100, kashi 11 boron ne. Wannan boron shi ne amfanin, shi ne kuma hatsarin.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe: boraks ba kanwa ba ne, ba gishiri ba ne, ba alam ba ne. Duka huɗun farare ne, in an daka su ido ba ya rabewa. In an ɗiga ruwan lemun tsami bisa kanwa, tana kumfa. Boraks ba ya yi. In an ɗora boraks bisa ƙarfe mai zafi, yana kumbura kamar gugguru, in wuta ta yi ƙarfi ya narke ya koma kamar gilashi. Kada kowa ya ce zai gane shi da harshe. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

INDA YAKE AIKI NA GASKIYA

Maƙerin azurfa ya san darajar shi. In za ya like azurfa da azurfa, ko tagulla da ƙarfe, yana shafa boraks a wurin haɗin. Da wuta ta kama, boraks ya narke, ya cinye tsatsa da dauɗa, ya rufe wurin kada iska ta ɓata shi. Sai likin ya bi ya kama sosai. Mai walda da ke like ƙashin keke ko bututun injin ban-ruwa da tagulla, shi ma aikin da yake yi ke nan.

A manyan masana'antu, mafi yawan boraks wajen yin gilashi yake tafiya. Gilashin da ke jure wuta ba ya fashewa, irin na ɗakin awo na likita, da boron ake yin shi. Santsin nan mai ƙyalli na kwanonin samira da tangaran, akwai boraks cikin haɗin shi. Yana shiga garin sabulun wanki. Ana jiƙa katako da ruwan shi don gara da ƙwaro su bar shi. Duk waɗannan ayyuka ne na kirki, kuma babu ɗaya cikinsu da ya ce a haɗiye shi.

MAGANAR ZINARIYA

Nan ne muke ganin boraks zai iya ceton rai. Samarinmu da yawa suna barin gona da rani su tafi haƙar zinariya. An fara a Komabangu, cikin yankin Tera, tun shekarun 1980. A 2014 aka ruga Jado da Cibarakaten. A 2021 zinariya ta bayyana wajen Ɗan Isa, cikin jihar Maradi. Da yawa cikin masu wannan aiki suna kama zinariya da zaiba, wadda suke kira merkir. Suna murza ta da hannu cikin yashin da aka wanke, sa'an nan su ƙona, hayaƙin ya tashi su shaƙa.

Hayaƙin zaiba yana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda. Yana kawo rawar hannu da mantuwa. Yana taɓa ɗan da ke cikin ciki. Wadda ta zube ƙasa ba ta ruɓewa, tana bin ruwa ta shiga kifi. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956 aka gane wata cuta da zaibar masana'anta ta jawo ma masunta da iyalansu. Shi ya sa da ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar rage zaiba a 2013, suka sa mata sunan garin. Nijar tana cikin ƙasashen da suka shiga.

A lardin Benget na ƙasar Filifin, masu haƙar zinariya da hannu sun yi shekaru fiye da 30 suna aiki ba da zaiba ba. Suna wanke yashi da kyau har sai ya rage kaɗan mai nauyi. Su haɗa shi da boraks cikin ɗan kasko na yumɓu, su ɗora bisa gawayi, su zuga. Boraks ya narkar da dauɗar ta taso sama, zinariya ta taru ƙasa dunƙule ɗaya. Wannan hanya ba ta yi ma kowane dutse. Tana son zinariya mai ƙwaya, wadda wanki ke kamawa, kuma tana son haƙuri wajen wankin. Amma inda ta yi, mutum ya tsira daga hayaƙin zaiba. Muna ganin ya kamata ma'aikatan ma'adinai su riƙa gwada ta a wuraren haƙa, su koya ma samari inda ta dace.

A GONA: SAI DA MA'AUNI

Shuka tana bukatar boron, amma ɗan kaɗan ƙwarai. Yana taimaka ma fure da ƙwaya. Ƙasar jigawa mai rairayi, wadda ruwan damana ke wankewa, ita ta fi rasa shi. In gujiya ta rasa boron, in ka ɓare ƙwayar gida biyu za ka tarar cikinta ya lotsa, wani lokaci ya yi duhu. Irin wannan ƙwaya ba ta kyau ga iri, ba ta daraja a kasuwa. Amma a lura: kwanson gujiya da ya fito fanko, ba ƙwaya ciki, yawanci ƙarancin ruwa ne ko rashin wani abinci daban na ƙasa. Boraks ba za ya gyara wannan ba.

Inda aka auna ƙasa aka ga ta rasa boron, abin da masana ke badawa bai cika wuce kilo 5 zuwa 10 na boraks ba ga eka ɗaya, wato mitir 100 tsawo da mitir 100 faɗi. Ku yi lissafin da kuka koya. Eka ɗaya mitir murabba'i 10.000 ce. Kilo 10 giram 10.000 ne. Ke nan giram 1 tak ga kowane mitir murabba'i. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wanda ke ɗaukar kamar giram 5, ya ishi wuri mai mitir 5 tsawo da mitir 1 faɗi. Ana gauraya shi da rairayi mai yawa don ya watsu daidai. Ba a zuba shi cikin rami tare da iri, yana kashe tsiro.

Wanda ya saba watsa takin zamani buhu guda, in ya yi ma boraks haka, ya ƙone gonar shi da hannun shi. Bakin ganye ya yi rawaya, ya bushe, ya kaɗe. A da har an yi amfani da boraks mai yawa don kashe haki bakin hanyar jirgin ƙasa. Hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ta jera shuke-shuken da ba su jure yawan boron. Cikinsu akwai wake, da albasa, da riɗi, da dankali, da lemu, har da ita gujiyar kanta. Ku dubi wannan jeri da kyau. Wake shi muke shukawa tsakanin hatsi. Albasa ita ce dukiyar mutanen Galmi da kewayenta. Tsakanin abin da ya ishi shuka da abin da ke kashe ta, tazarar ba ta da yawa.

Don haka kada manomi ya zuba boraks don ya ji wani ya ce yana sa yabanya. A tambayi malamin gona. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da wurin awon ƙasa a Yamai, tana da reshe a Tarna kusa da Maradi. Matambayi ba ya ɓata.

A CIKIN GIDA

Boraks yana kashe tururuwa da kyankyaso. Ana haɗa cokali 1 na boraks da cokali 3 na sukari, a ɗiga ruwa kaɗan. Tururuwa ta ɗauka ta kai rami, sauran su ci, a hankali su mutu. Amma abin da ke jan tururuwa shi ke jan yaro mai rarrafe, shi ke jan kaza da ɗan akuya. In za a yi, a sa cikin gwangwani mai murfi, a huda ƙananan ƙofofi, a ɗaure shi inda hannun yaro ba ya kai. In gidan yana da ƙananan yara kuma babu wurin ɓoyewa, a haƙura. Shara da rufe abinci sun fi.

Kada a barbaɗa boraks cikin rumbu. Kada a gauraya shi da wake ko hatsi don tsoron ƙwari. Abin da aka zuba ma tsaba, tukunya za ya ƙare. Ga wake akwai buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS, da aka fara yaɗawa a ƙasashenmu tun 2007. In an ɗaure shi da kyau, ƙwaro yana mutuwa don rashin iska, ba a sa magani ko kaɗan.

Mai wanki da boraks ta ɗauraye tufafi da kyau, ta wanke hannu. In tana da rauni ko kaushi mai jini a hannu, kada ta sa shi cikin ruwan. Tsumman jariri kuwa, sabulu da rana sun ishe su.

AMSA GA MASU CEWA MAGANI NE

Za a ce: ai daga ƙasa yake fitowa, kamar kanwa, Allah ya halicce shi. Gaskiya ne. Ita ma zaiba daga ƙasa take. Tunfafiya da zaƙami su ma Allah ya halicce su, amma ba mai dafa ma iyalin shi su. Ko kanwar da muka gada, in ta yi yawa tana cutarwa. Likitoci a Zariya, cikin shekarun 1970, sun ga ciwon zuciya yana yawa ga masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi.

Za a ce: ai masu maganin gargajiya na Indiya da Sin sun daɗe suna aiki da shi, don tari da gyambon baki. Wannan ma gaskiya ne. Har Turawa sun yi. Shekaru masu yawa ana saida zuma haɗe da boraks a kantunan magani na Ingila, ana shafa ma jarirai a baki in ya yi fari-fari ko in haƙori na fitowa. Me ya biyo baya? A 1983 likitoci a ƙasar Ailan suka bada labarin jarirai 7 da ke ta jijjiga kamar masu farfaɗiya. Da aka bincika, duka ana tsoma masu abin tsotso cikin zuma mai boraks, sati da sati. Da aka daina, jijjigar ta tsaya. Uwayen nan ba mugaye ba ne. Abin da suka gada suka yi. Daɗewar al'ada ba ta maida guba magani.

An kuma gwada shi cikin abinci. A da, a Amurka da Turai, ana zuba boraks cikin nama da man shanu don kada su lalace. A 1902 wani masanin gwamnatin Amurka mai suna Harbi Waili ya tara samari 12 da suka yarda, ya riƙa ba su abinci mai boraks yana auna su. Suka yi ta fama da ciwon kai, da ciwon ciki, da rashin son abinci. A 1906 ƙasar ta yi dokar tsabtar abinci da magani. Yau an hana zuba boraks cikin abinci a Amurka da ƙasashe da yawa. A Indunusiya hukuma tana kama masu sa shi cikin taliya da dunƙulen nama. To mai kilishi, da mai nono, da mai awara, kada wani ya zo maku da wannan dabara.

Za a ce: ai jikin mutum ma yana son boron. Wanda jiki ke samu yana cikin wake da gujiya da dabino da ganyen miya, kuma ya isa. Hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce kada babba ya wuce miligiram 10 na boron a yini. Miligiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na giram. Ƙaramin cokali ɗaya na boraks yana ɗauke da miligiram fiye da 500. Wato ya ninka iyakar sau 50.

ABIN DA YAKE YI MA JIKI

Boraks in ya shiga ciki, jini yana kwashe shi kusan duka. Ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari, a hankali. Wanda ke sha kullum, na jiya bai gama fita ba na yau ya tarar da shi. Haka yake taruwa. Tsoho mai ciwon gaɓoɓi, wanda ƙodar shi ta riga ta gaji, shi ya fi shiga hatsari. Jariri kuma ƙodar shi ba ta yi ƙwari ba. Littattafan likita suna ƙiyasta giram 2 zuwa 3 na iya halaka jariri. Rabin ƙaramin cokali ke nan.

Alamun su ne: amai, da zawo wanda wani lokaci yake yin kore-kore, da ciwon ciki, da kasala. Fata ta yi ja kamar an zuba mata ruwan zafi, daga baya ta saɓule. In abin ya yi tsanani, jijjiga, da ɗaukewar fitsari. Fata mai lafiya ba ta barin shi ya shiga sosai. Amma ta gyambo, ko ƙuna, ko cibiyar jariri, ko raunin kaciya, yana shiga jini kamar an sha. Wanzamai da ungozomomi su riƙe wannan.

Akwai kuma maganar haifuwa. Da aka ciyar da ɓeraye da karnuka boraks kwana da kwanaki, ƴaƴan marainan mazan suka lalace. Matan ɓeraye masu ciki suka haifi ƴaƴa marasa nauyi. Don haka a 2010 Tarayyar Turai ta sa boraks cikin jerin kayan da ake tsoron suna cutar da haifuwa. Binciken da aka yi ga ma'aikatan boron a Turkiyya bai nuna ƙurar wurin aiki ta rage masu haifuwa ba. Wannan ya nuna maƙeri da manomi da ke aiki da shi bisa hankali ba su da abin firgita. Amma mai ɗibar cokali yana sha da gangan, ya kai kan shi inda ba a san iyaka ba. Mace mai ciki da mai shayarwa su nisance shi ɗungum.

IN TSAUTSAYI YA FAƊA

In yaro ya ci, a share mashi baki, a kurkure da ruwa. Kada a sa mashi yatsa don ya yi amai. Kada a tsaya ana ba shi nono ko manja ana jiran a gani, ba su karya wannan guba. A kai shi likita nan take, a tafi da ledar ko gwangwanin don ma'aikacin lafiya ya gani. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15.

AIKINKU, KU DA KUKA YI KARATU

Wasu za su ce a hana shigo da shi, a huta. Mu ba mu ga haka ba. In an hana, an cuci maƙeri da mai walda, an kuma rufe ma mai haƙar zinariya ƙofar tsira daga zaiba. Babban hatsarin boraks a ƙauye shi ne farin gari marar suna, ƙulle cikin leda, ajiye kusa da gishiri. Uwa ta tafi rijiya, ƴarta ta ɗauko ta zuba cikin miya tana tsammani kanwa ce.

Nan karatunku za ya yi rana. Duk gidan da boraks ya shiga, a zuba shi cikin gwangwani mai murfi, a rubuta da manyan baƙaƙe: BORAKS, GUBA, BA A CI. A yi zanen gicciye ja don wanda bai iya karatu ba. Kada a ajiye shi a madafa. Kada a zuba ruwan shi cikin butar sha ko kwalbar lemu. Cokalin da aka auna shi da shi, kada ya koma kwanon abinci.

Masu butik su daina saida shi ba suna. Ƙungiyoyin manoma su saye shi tare, bayan malamin gona ya ce ƙasar na bukata, su auna ma kowa rabon shi. In wani ya kawo maku hoto cikin salula yana cewa ga maganin ciwon gwiwa, ku karanta mashi wannan takarda, ku raka shi likita. Ku karanta ta kuma a dandali, da wajen taron mata, da gaban mai gari, don waɗanda ba su samu shiga aji ba su ji.

Rigakafi ya fi magani. Allah shi tsare mana yaranmu, shi ba mu damana mai albarka.